Daga Soro Zuwa Teburin Gidan Abinci: Tarihin Wuraren Zance a Kano

Duk mai bibiyar finafinan Hausa masu dogon zango na wannan lokaci, ko a tashar Arewa24 ko a YouTube, ya san akwai wata fitowa guda da kusan ba a tsallake ta. Saurayi da budurwa sun zauna a gidan cin abinci, teburi a tsakaninsu, an jera musu shinkafa da kaza da lemon kwali, su kuwa ko cokali ba su ɗauka ba, sai kallon juna da zuba kalamai. A matsayina na mai sharhin fim na daɗe ina ɗaukar wannan fitowa a matsayin lalacin marubuta, wato in labari ya ƙare musu sai su kai masoya gidan abinci a cinye minti bakwai. Ban sake tunani ba sai kwanan baya, da wani abokina da muka yi Poli tare ya kira ni da wata tambaya da na kasa amsa masa nan take.

Shi wannan aboki nawa an sa masa rana. Yarinyar tana can wata sabuwar unguwa da ke gaba da sabuwar Jami'ar Bayero, a kan hanyar Gwarzo. Gidansu ginin zamani ne, katanga da get, babu soro babu dakali. In ya je zance, ko dai su tsaya a bakin get cikin duhu sauro na cizo, masu wucewa na haska su da fitilar waya, ko kuma a shigar da shi falo inda ƙannenta ke kallon ƙwallo. Da mahaifiyarta ta ga haka, sai ta amince ya ɗauke ta tare da ƙanwarta su je wani wuri su zauna da yamma, bisa sharaɗin su dawo kafin magariba. Ya ce da ni, "Malam, kai da ka san gari, ina zan kai ta wanda ba za a ce na lalata 'yar mutane ba, kuma ba zan dawo gida a ƙafa ba?"

A biranen Turai irin wannan tambaya ba ta da wahala, mujalla kan jero sunayen mashaya da gidajen abinci goma na unguwa, a wuce wurin. A Kano kuwa tambayar tana da nauyi, domin da zarar ka ce za ka fita da yarinya, kunnen dattijo otal yake ji, kuma in ya ji otal to giya ce ta faɗo masa a rai. Wannan fargaba ba daga sama ta faɗo ba, tana da tarihi na fiye da shekara ɗari. Shi nake son mu bi tare da mai karatu, don mu gane yadda aka yi muka iso bakin get ɗin nan.

DANDALI DA SORO

Bahaushe bai taɓa rasa wurin da saurayi zai ga budurwa ba. A ƙauye da tsofaffin unguwannin birni akwai dandali, inda 'yan mata ke gaɗa da daren farin wata, samari na gefe suna kallo, masu tallar gyaɗa da rake da tsire suna ciniki. Akwai sarkin samari da ke sa ido kan tarbiyyar taron. Akwai kuma ranar kasuwa da bukukuwan kalankuwa bayan an yi girbi. Wanda ya karanta littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar aka buga a 1954, zai ga yadda samartaka ta kasance a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa, har da al'adar tsarance wadda malamai suka yi ta yaƙa har ta mutu.

In magana ta yi ƙarfi sai a koma ƙofar gida. A nan ne soro, ko zaure kamar yadda wasu ke cewa, ya yi aikinsa. Saurayi ya zo da abokinsa bayan isha'i, ya aiki yaro ya ce ana sallama da wance. Ta ɓata lokaci tana kwalliya, ƙanwarta ta fito da tabarma da fitilar ƙwai da ruwan sha, sannan ta fito ta zauna nesa kaɗan. Da zai tafi ya ajiye kuɗin zance. Abin lura a nan shi ne, wanda ya tsara ginin soro ya san abin da yake yi. Ɗaki ne da ba cikin gida ba, ba kuma waje ba. Duk mai shiga gida ko fita ta nan zai bi, saboda haka masoya na da sukunin magana a hankali ba tare da an ji su ba, amma ba su da ikon ɓuya. Wata kakata takan ce da ni, "Ɗan nan, mu a zamaninmu tarin babanmu kawai ya ishe mu agogo." Wato in maigida ya yi gyaran murya daga ciki, zance ya tashi.

To ka ga a wannan tsari abinci ba shi ne jigon haɗuwa ba. Cin abinci a bainar jama'a ma abin kunya ne ga budurwa, balle a gaban wanda za ta aura. Saurayi dai ya kawo tsaraba, tsire ko balangu a ƙunshe cikin takarda, a shiga da shi cikin gida a raba.

ABIN DA AKA TURA BAYAN GANUWA

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Turawan mulki ba su so waɗannan baƙi su cakuɗa da mutanen birni, don haka wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari a wajen ganuwa, ba ƙarƙashin dokar alƙalan birni ba. Su kansu Turawan suka zauna a Nasarawa da Bompai da kulob ɗinsu, Kwarori kuma, wato 'yan Labanan da Siriya, suka kafa kantunansu a tsakani, inda sunan Kantin Kwari ya samo asali. Dokar mulkin mallaka ta hana sayar wa 'yan asalin Arewa barasar Turai, amma an bar ƙofa a buɗe ga baƙi. Sakamakon haka duk wani abu da ya shafi shaƙatawar dare irin ta zamani, mashaya da otal da gidan rawa da gidan abinci mai teburi da kujeru, sai ya taru a wuri ɗaya, can bayan ganuwa.

Sinima ma a nan ta sauka. A 1937 aka buɗe Rex a yankin Sabon Gari, fili ne marar rufi, kuma da mashayarsa a ciki. Ka ga tun ranar farko an ɗaura wa kallon fim aure da kwalba. A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya ta kashe mutum 331, jama'a da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara ga masu zuwa irin waɗannan wurare. Ba a daɗe ba aka buɗe Palace a Jakara, sinima ta farko a cikin birni, kuma sai da aka sha rigima da masu adawa da ita. Daga baya aka sami su Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba, finafinan Indiya suka mamaye zukatan samari. Sai dai wani abin mamaki, saurayi zai shafe awa uku yana kallon soyayya a majigi, amma ba zai taɓa zuwa da budurwarsa ba, domin duk macen da aka gani a sinima sunanta mai zaman kanta. A ƙasashen da fim ya fito, sinima ita ce wurin farko da saurayi ke kai budurwa. A Kano ta zama wurin da in aka gan ta a ciki an fasa auren.

Wannan rabo da Turawa suka yi shi ne tushen matsalar abokina. An raba gari biyu, mutunci a cikin ganuwa, nishaɗi a waje. Ba a bar wani wuri a tsakiya ba inda ɗan mutunci da 'yar mutunci za su zauna a sha lemo a tashi.

LAMBUNAN AUDU BAKO

Wanda ya fara gina wani abu mai kama da wannan tsakiya shi ne Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka buɗe gidan zu a farkon shekarun 1970, a wurin da a lokacin gefen gari ne, titin da ya bi ta gabansa ma da sunan gidan ake kiransa har yau. Shi ne kuma ya gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da otal ɗin Bagauda a bakin tafki. A karon farko aka sami wuraren shaƙatawa da gwamnati ta gina, da bishiyoyi da furanni da kujerun siminti, waɗanda magidanci zai iya kai iyalinsa da rana tsaka ba tare da an yi masa wani kallo ba.

Gidan zu ya zama dandalin birni na zamani, musamman a bukukuwan Sallah. Yawancin iyayenmu da suka yi samartaka a shekarun 1980 suna da hoton da aka ɗauka a can, shi da wando mai faɗin ƙafa, ita da ƙawarta a gefe. Kuɗin shiga kaɗan ne, akwai masu sayar da lemo da askirim, kuma cunkoson jama'a shi kansa shaida ne. Tiga da Bagauda kuwa sai mai mota, ko ɗaliban da suka yi karo-karo suka ɗauki hayar bas. A yau harabar Bagauda ta zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, shaƙatawa ta tashi daga can.

LITTAFI DA FIM SUN RIGA GARI

A tsakiyar shekarun 1980 ne littattafan soyayya suka ɓarke a Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Marubutan wannan zamani sun fi tsayawa a kan wasiƙa da ɗan aike da zancen ƙofar gida, domin abin da suka sani ke nan, kuma a takarda zancen soro yana da daɗin karatu.

Da fim ya zo sai lissafi ya canza. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, kafin shekarar 2000 kuwa, lokacin da Sangaya ya yi tashe, waƙa da rawa sun zama gishirin kowane fim. To a ina za a yi rawar? Soro ya yi ƙunci, ga duhu, kyamarar wancan lokaci kuma ba ta son duhu. Sai daraktoci suka kwashi 'yan wasa zuwa lambuna da bakin ruwa da farfajiyar otal-otal, suka kwaikwayi abin da suka gani a finafinan Indiya. Duk wanda ya kalli finafinan kaset na wancan zamani zai tuna saurayi da budurwa suna zagaya bishiya, an canza kaya sau biyar cikin waƙa ɗaya.

A nan ne masu suka suka yi ta cewa wannan ba al'adar Bahaushe ba ce, kuma ta wata fuskar suna da gaskiya, don babu wanda ya taɓa ganin masoya na tsalle a gidan zu. Sai dai ni a ganina abin da finafinan nan suka nuna shi ne wata ƙishirwa. Matasa na son wurin da za su zauna su san juna kafin aure, garin bai ba su ba, sai fim ya ƙirƙira musu a majigi. Da rawa ta fara ja baya, labari ya koma hira, sai teburin gidan abinci ya gaji lambu. Ga furodusa kuma akwai sauƙi: wuri ɗaya, haske a shirye, mai gidan abincin na murna an tallata masa shago.

SHEKARUN DA SUKA CANZA KOMAI

A shekarar 2000 Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, bayan Zamfara ta buɗe hanya. A ƙarshen wannan shekara gwamnati ta dakatar da harkar fim, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2003 aka yi dokar Hukumar Hisba, a 2004 kuma aka yi dokar hana sayar da giya a jihar. Mashaya ba su ɓace ƙurmus ba, sun dai ƙara takurewa a Sabon Gari da kasuwannin mami na barikoki. Hisba ta ci gaba da kama motocin giya, a Nuwamban 2013 ta farfasa kwalabe kimanin 240,000 a bainar jama'a, a 2020 kuma kusan miliyan biyu. Ga yaron da ya tashi a wannan zamani, batun kai budurwa mashaya ma bai taso ba, ko addini bai hana shi ba tsoron abin kunya zai hana shi. Abokan zamanmu Kiristoci na Sabon Gari suna da nasu wuraren na kifi da farfesu da kiɗa, wannan kuma rayuwarsu ce.

Amma a daidai lokacin da ake rufe wata ƙofa, wasu na buɗewa. Wayar salula ta shigo a 2001, ta kashe aikin ɗan aike, ta kuma ba masoya damar yin alƙawarin haɗuwa ba tare da kowa ya sani ba. A 2005 aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka kawo babur mai ƙafa uku wanda ya ɗauki sunan shirin A Daidaita Sahu na Gwamna Ibrahim Shekarau. Wanda ya kawo shi don raba maza da mata ya kawo shi, amma a ƙarshe shi ne ya sauƙaƙa wa yarinya da ƙanwarta zuwa ko'ina cikin sutura da rufin asiri. A waɗannan shekaru ne kuma gidajen abinci irin na su Mr Bigg's suka yawaita, masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, ba giya ba ɗakin kwana. Wannan shi ne karo na farko da aka raba gidan abinci da otal a idon jama'a. Shawarma da Kwarori suka kawo ta fito daga unguwannin masu kuɗi ta hau titi, shagunan fura da yogot suka bi baya.

Sai kuma shekarun tashin hankali. Hare-haren 20 ga Janairu, 2012 sun hallaka mutum fiye da 180 a Kano, aka shiga dokar hana fita da shingayen bincike. A Janairun 2013 aka hana acaɓa gaba ɗaya. A watan Yuli na wannan shekara bama-bamai suka tashi a yankin mashaya na Sabon Gari, aka sake kai wani harin a can a Mayun 2014. Mutane suka rage nisa da gida da dare. Wanda ke Hotoro ya nemi mai tsire a Hotoro, wanda ke Kabuga ya tsaya Kabuga. A 2014 aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero a titin gidan zu, daga baya aka sa sinima a ciki, inda a ƙarshe, bayan kusan shekara tamanin da buɗe Rex, saurayi ya iya zama kusa da budurwarsa a kalli fim ba a kira ta da mugun suna ba. Shagon Shoprite da ya fi jan jama'a zuwa wurin ya rufe a Janairun 2024.

GARI YA BAR GANUWA A BAYA

A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da miliyan tara a Jihar Kano, kuma tun daga lokacin birnin bai daina faɗaɗa ba. Gonakin ƙananan hukumomin Kumbotso da Ungogo sun zama unguwanni. Rijiyar Zaki da Ɗanbare a hanyar Gwarzo, Na'ibawa a hanyar Zariya, Mariri a hanyar Maiduguri, Bachirawa a hanyar Katsina, Gaida a hanyar Panshekara, duk wuraren da kakanninmu ke kira daji ne, yanzu nan ne mafi yawan sababbin ma'aurata ke kama haya.

Matsalar ita ce yadda aka yanka waɗannan unguwanni. Mai gona ya sayar wa dillali, dillali ya yanka ƙananan filaye irin na awon igiya, kowa ya gina nasa har bakin layi. Ba a bar dandali ba, ba a bar lambu ba. Fili ya yi tsada, don haka wurin da da zai zama soro an mai da shi shago ko garejin mota. Maƙwabta kuma ba dangi ba ne kamar a cikin birni, kowa daga inda ya fito. Ka ga an rushe tsohon tsarin zance ba tare da an yi shawara ba, kuma ba a kawo madadinsa ba. Abin da ya cike gurbin shi ne zance a cikin mota mai baƙin gilashi, ko a lungu, ko hira ta waya har asuba, abubuwan da malamai ke kuka da su kullum a kan mumbari. Ga mai shiga gari kuma, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin adaidaita daga bayan gari zuwa Nasarawa da dawowa, na mutum uku, ya isa ya cinye rabin abin da saurayi ya tanada.

Wannan ne ya sa ƙananan gidajen abinci suka tsiro a bakin manyan titunan waɗannan unguwanni, kusa da gidajen mai da ƙofofin makarantu. Wani shago ne ɗaya da teburi huɗu, wani fili ne aka zuba tsakuwa aka kafa rumfuna, ga mai gasa kifi a gefe, ga mai shawarma, ga mai shayi ya sami ci gaba ya sayi firji. Masu su ciniki suka fito nema, amma ba tare da sun sani ba sun gina wa unguwa soron da magina suka manta.

TO WANE WURI NE YA DACE?

Ba zan jero sunaye ba, domin irin waɗannan wurare yau a buɗe gobe a rufe, kuma ni ba ɗan talla ba ne. Abin da na gaya wa abokina shi ne ya auna kowane wuri da ma'aunin soro. Na farko, a iya hango cikinsa daga titi, da haske sosai, ko na sola ko na janareto. Duk wurin da aka rage fitila da gangan, ko aka yi ƙananan ɗakuna masu labule, ko hayaƙin shisha ya tare ƙofa, to ba wurin 'yar mutane ba ne, kuma irinsu ne samame ke faɗawa. Na biyu, ya duba su wa ke zama. In ya ga magidanci da matarsa da yara, ya ga wurin alwala da ɗan masallaci a gefe, to ya samu. Na uku, kada ya zama jikin otal ne, ko da abincinsu ya fi na kowa daɗi, saboda wanda ya gan ku kuna fitowa ba zai tambaya ko daga ɓangaren abinci kuke ba. Na huɗu, ya kasance kusa da gidansu yarinya, inda in wani ɗan unguwa ya gan su ba komai, don da sanin iyaye aka fito.

Na ƙara masa da shawarar da na koya da kuɗina. Ya je shi kaɗai tukuna ya ga farashi, ya ɗanɗana abincin. Ni na taɓa kai wata wani wuri da na gani a fim, aka kawo takardar kuɗi sai da na bar ta zaune na fita neman mai POS, na dawo ina gumi ina cewa waya na je amsawa. Ba dole sai kaza da shinkafar Sin ba. Gurasa bandashe da tsire mai zafi, ko fura da yogot mai sanyi, ko kifi gasasshe guda ɗaya a raba uku, sun isa a yi hira. Lokaci mafi kyau shi ne bayan la'asar, rana ta yi sanyi, kiɗa bai fara tashi ba. Ƙanwar nan kuma kada a ɗauke ta kaya, a saya mata askirim ta zauna teburin kusa, ita ce fitilar ƙwan wannan zamani.

Akwai masu ganin duk wannan bai kamata ba, yarinya ta zauna a gida har ranar da za a kai ta. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma gidan da ke da soro ko falon baƙi na daban, wallahi ya fi kowane gidan abinci. Amma mu dubi gaskiya. Kano ce garin da yawan mutuwar aure ya sa gwamnati ta fara aurar da zawarawa a 2012, aka kuma ɗaura wa ma'aurata 1,800 aure a rana ɗaya a 2023. Dalilan mutuwar aure suna da yawa, talauci na gaba, amma rashin sanin halin juna na cikinsu. A waya kowa mala'ika ne. A kan teburi kuwa yarinya za ta ga yadda yake yi wa yaron da ke kawo abinci magana, shi ma ya ga ko ita mai duba aljihun mutum ce kafin ta yi oda. Awa ɗaya ta irin wannan zama ta fi hirar dare ɗari.

Saboda haka kirana ga masu tsara birni shi ne, in za a yanka sabuwar unguwa a bar fili na jama'a, da bishiya da benci da fitila, kamar yadda Audu Bako ya yi tunani shekara hamsin da suka wuce. Masu gini su dawo da soro ko da ƙarami ne. 'Yan'uwana masu shirya fim kuma, tunda kun riga kun mai da gidan abinci gidanku, ku riƙa nuna irin wanda talaka zai iya shiga, da ƙanwa a gefe, kuma don Allah a riƙa cin abincin.

Abokina dai ya sami wani wuri a bakin titi, tafiyar minti goma daga gidansu yarinyar. Ya ce da suka dawo mahaifiyar ta tambayi ƙanwar abin da aka yi, ta ce, "Umma, surutu kawai suka yi ta yi, ni na cinye kifin." An kusa biki. Allah ya ba su zaman lafiya, mu kuma da muka rage Allah ya sa mu dace.